Isnadin Mutum-mutumi: Daga Yumɓun Nok Zuwa Robar Sinima

Laccar da aka gabatar a Kafanchan, a gaban taron malamai da ɗalibai da masu sana'ar hannu



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam daga yumɓu, kana ya sanya wa yatsunsa basirar sarrafa yumɓun, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata mas'ala wadda, da jin sunanta, da yawa daga cikin dattawanmu za su ce ai wannan wasan yara ne, bai kai a tara manya dominsa ba. Alhali kuwa duk wanda ya bi sawunta a hankali, daga rumfar kasuwa har zuwa ramin kuza, zai tarar ta taɓa amana, ta taɓa dukiya, ta kuma taɓa mafi tsufan abin da wannan ƙasa tamu ta kudancin Kaduna ta mallaka.

Mafarin bahasin wani saurayi ne, tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake gyaran wayar salula a wata 'yar rumfa da ba ta da nisa da tashar jirgin ƙasa ta garin nan. Na kai masa wayata bara da damina, ruwa ya tsare ni a wurinsa, ina zaune a kan benci sai idona ya faɗa kan wani ɗan mutum-mutumi na roba, wanda tsawonsa bai kai tafin hannu ba, yana tsaye tsakanin kwalbar gam da tsohuwar reza. Jikinsa na ɗaya daga cikin sojojin nan ne masu farin sulke na fim ɗin Star Wars, amma sanye yake da 'yar shara ta saƙi, an rataya masa layu na fata waɗanda kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ga kwari a bayansa, ga baka na tsinken tsintsiya a hannunsa. Na ce, “Ɗana, wane ne wannan?” Ya ce, “Baba Malam, maharbin Kagoro ne ya tafi sararin samaniya.”

Ya ba ni labarin yadda aka yi. A wurin 'yan gwanjo ya tsince shi, cikin tarkacen kayan wasan da ke zuwa daga ƙasashen waje tare da dilolin tufafi, ba kai, ba hannun dama. Ya nemo kan wani, ya tsoma shi a ruwan zafi har robar ta yi laushi, ya cire ya dasa. Hannun kuwa na wani na uku ne, da ya ƙi zama daidai sai ya cike gurbin da gam gauraye da garin katako, ya goge da samfefa, ya bi da fenti hawa uku, na ƙarshen tsararo ƙwarai, mai launin ƙasa, domin ya kwanta cikin lunguna ya ba sulken kamannin abin da ya sha ƙura. Ƙyallen wurin tela maƙwabcinsa ya roƙo. Mako uku ya yi yana wannan aiki, tsakanin mai kawo waya da mai karɓa. Amma abin da ya tsaya mini a rai, wanda kuma shi ya kawo ni gabanku yau, shi ne da ya kifa mutum-mutumin ya nuna mini tafin ƙafarsa, inda ya zana shekara da harafin farko na sunansa da bakin allura, sa'an nan ya jawo wani ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare, wanda a ciki ya rubuta inda ya sami jiki, da inda ya sami kai, da abin da ya ƙara da hannunsa. Na tambaye shi dalili, ya ce, “Don kada wata rana wani ya ce haka ya fito daga kamfani, ko kuwa ya ce shi ya yi shi.” Wannan yaro bai taɓa zama gaban malamin hadisi ba, amma abin da ya yi sunansa isnadi.

Kafin in ci gaba wajibi ne in tsaya a kan kalmomi, domin na san akwai wanda zuciyarsa ta riga ta ɗarsa masa wani abu. Hausa ta raba abubuwa uku waɗanda ido zai iya gani iri ɗaya. Gunki shi ne abin da ake bauta wa, kuma a kan haramcin bautarsa babu saɓani tsakanin Musulmi da Kirista da ke zaune a wannan zaure. 'Yar tsana ita ce ta wasan 'yan mata, wadda yayyenmu ke yi da kara ko ƙashi, su yi mata kitso, su goya ta da ɗan zane. Mutum-mutumi kuwa suna ne mai faɗi, ya haɗa da wanda manomi ke kafawa a gona da tsohuwar riga don korar tsuntsaye da birai, ya kuma haɗa da kowace sura da aka yi ta da siffar mutum. Fuƙaha'un Malikiyya, wadda ita ce mazhabar da ta yaɗu a ƙasarmu, sun yi tafsili a nan: surar abu mai rai, idan tana da jiki mai inuwa, gaɓoɓinta kuma sun cika, sun haramta yin ta, idan ba ta da inuwa, kamar zanen takarda, ko kuwa an tauye mata gaɓa, hukuncin ya sassauta, sa'an nan suka togace 'yan tsanar 'yan mata, suna kafa hujja da abin da ya inganta cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har an ruwaito cewa a cikin kayan wasanta akwai doki mai fukafukai. Fatawa aikin ma'abotanta ne, kowa ya koma ga malaminsa game da abin da zai ajiye a ɗakinsa. Abin da na zo da shi ya shafi abubuwan da sun riga sun samu a duniya, wasu a kan kanta, wasu a ƙarƙashin gonakinmu, da haƙƙin da ke wuyanmu na faɗin gaskiya game da su.

Irin wannan mutum-mutumi na roba mai gaɓoɓi masu lanƙwasuwa, asalinsa Amurka ne. A shekarar 1964 kamfanin Hasbro ya fitar da wani soja mai suna G.I. Joe, mai tsawon kusan ƙafa ɗaya, kuma da masu kamfanin suka lura cewa yaro namiji ba zai yarda a ce yana wasa da 'yar tsana ba, sai suka laƙaba masa suna dabam, wanda za mu iya mayarwa Hausa da mutum-mutumi mai motsi. Daga nan aka sami awon da ma'abota wannan fanni ke kira ɗaya bisa shida, watau namiji mai tsayin ƙafa shida ya koma ƙafa ɗaya, kuma tilas takalminsa da maɓallin rigarsa da ƙwayar idonsa su ragu daidai da wannan lissafi, in ba haka ba aikin ya ɓaci. Har yau wannan awo ne kamfanin Hot Toys na Hong Kong, wanda aka kafa a 2000, ya shahara da shi, yana yin fuskokin 'yan wasan sinima har da ramukan fata da jijiyar ido, ana sayar da guda ɗaya daloli ɗaruruwa.

Amma abin da ya mai da wasan ya zama babbar kasuwa shi ne fim ɗin Star Wars, almarar yaƙi tsakanin taurari wadda George Lucas ya shirya, aka fara nuna ta ranar 25 ga Mayu, 1977. Wani kamfani mai suna Kenner, a birnin Cincinnati, shi ya sami izinin yin kayan wasan fim ɗin, amma karɓuwar da fim ɗin ya samu ta zo masa ba shiri, har Kirsimeti ta gabato bai ƙera ko ɗaya ba. Sai ya sayar wa iyaye kwali wanda babu mutum-mutumi a cikinsa, sai takardar alkawarin cewa za a aiko da guda huɗu a farkon 1978, irin cinikin da malamanmu za su kira salam, a biya yau a karɓa gobe. Nasu ƙanana ne, inci uku da rubu'i uku, domin a iya ƙera musu jiragen da za su shiga ba tare da jirgin ya cika ɗaki ba, kuma daga 1978 zuwa 1985 an sayar da kimanin miliyan 300. Yaran da suka yi wasa da su suka girma, suka sami abin hannu, suka koma neman abin da suka karya ko suka yar tun suna ƙanana, suna jera su cikin akwatunan gilashi. Akwai wani mai farautar mutane a labarin, Boba Fett, wanda aka shirya yin sa da ɗan makami mai harbawa daga bayansa. To, a ƙarshen 1978 wani yaro ya rasu bayan ya shaƙe da irin wannan makami na kayan wasan wani kamfani dabam, sai Kenner ya fasa, abin da ya rage kawai 'yan samfuran gwaji da ma'aikata suka tafi da su gida. A watan Mayu na 2024 an sayar da ɗaya a kan dala 525,000, a watan Agusta kuma aka sayar da wani fiye da dala miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Ku lura da hikimar harshenmu: wurin da aka yi wannan ciniki gwanjo ne, wurin da ɗalibina ya tsinci nasa marar kai shi ma gwanjo ne.

Mai hankali zai tambaya, me ya kai ɗan robar da bai fi tsawon yatsa ba wannan farashi? Malaman hadisi sun raba riwaya kashi biyu, matani da isnadi. Matani shi ne maganar, isnadi shi ne jerin mutanen da suka miƙo ta, wane daga wane har zuwa tushe, kuma duk kyan matani, idan isnadinsa ya yanke ko aka sami maƙaryaci a cikinsa, darajarsa ta faɗi. Masu tara waɗannan abubuwa, ba tare da sun san wannan ilmi ba, a kan ƙa'idarsa suke tafiya: suna tambayar wane ma'aikaci ya fito da samfurin, hannun wa da wa ya bi, shin kwalinsa an taɓa buɗe shi; har akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su duba abu su ba shi maki bisa ɗari, su rufe shi cikin akwati garai-garai da takardar shaida. Inda kuma aka sami isnadi mai tsada, nan ake samun tadlisi. Akwai wasu gajerun halittun hamada a fim ɗin da ake kira Jawa. Na farkon da aka fitar an yi musu alkyabba ta leda, daga baya kamfanin ya mai da ita ta yadi, sai mai ledar ya yi wuyar samu, ya yi tsada. Sai maha'inta suka riƙa yanke alkyabbar ledar wani dattijo na cikin jerin, Obi-Wan Kenobi, su rage mata tsawo, su yafa wa Jawa na gama-gari, su sayar a matsayin na farko, har ya zama masana sai sun duba launin ledar da ƙwayar saƙarta kafin su gaskata. Reza da gam da mai wannan algus ke aiki da su, su ne dai ɗalibina ke aiki da su, kuma akwai dubban irinsa a duniya masu ɗaukar kan wannan su dasa wa wancan, su sake fenti, su ɗinka tufa, wasu ma yanzu su buga sabon kai da na'urar nan mai ɗab'in abu da jikinsa. Abin da ya raba mai fasaha da mai tadlisi bayani ne: ɗaya ya bayyana abin da hannunsa ya ƙara, ɗaya ya ɓoye.

To, jama'a, mu baro Amurka mu dawo gida, domin ƙasar da muke takawa ta riga Cincinnati yin mutum-mutumi da shekara kusan dubu uku. A 1928, a wani wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, wanda ke ƙasar Jaba ba nisa da Kwoi, aka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu mai kama da na biri, Kanar Dent Young, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya kai shi ɗakin ajiya na ma'aikatar ma'adinai a Jos, ya zauna can shekara goma sha biyar ba wanda ya san kansa. A 1943 kuma, a wani ramin kuza kusa da Jema'a, watau nan bayan gidanmu, aka tono kan mutum, wani akawun wurin ya tafi da shi ya ɗora a kan sanda cikin gonar doyarsa, ya shekara yana korar ɓarna. Ya mai da shi mutum-mutumi ke nan a ma'anar farko da na faɗa muku. Daga baya kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki da ya karanta ilmin tono kayan tarihi a Kambirij, wanda da ya aza shi kusa da na 1928 ya ga hannu ɗaya ne, ya roƙi masu haƙar kuza su riƙa kawo masa duk abin da suka tsinta, ya kuma sa wa al'ummar da ta yi su sunan ƙauyen da aka fara samun su, bisa al'adar ma'abota wannan ilmi. Da waɗannan kaya da wasunsu aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, kuma tonon da ya yi daga baya a Taruga ya fito da murahun narka tama, wanda ya nuna cewa mutanen nan sun san ƙarfe ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa Almasihu.

Duk wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikin waɗannan kawuna ba zai manta idon ba: mai kusurwa uku ne ko rabin da'ira, ƙwayar a huje, girar ta lanƙwasa a samansa kamar baka. Ga kitso iri-iri, tukkaye da zanko da dunƙule, ga duwatsun wuya hawa-hawa, ga mundaye har gwiwar hannu, wani a durƙushe, wani a zaune ya aza haɓarsa a kan gwiwa kamar mai tunanin abin da ya dame shi. Cikinsu holoƙo ne, domin an gina su ne yadda mata ke ginin tukunya, a murza yumɓu a ɗora hawa bisa hawa, an kuma gauraya shi da 'yan tsakuwoyi don kada ya fashe a wuta, hujojin ido da hanci da baki suna ba zafi hanyar fita, sa'an nan a shafe waje da lallausan yumɓu a goge har ya yi sheƙi. Su ma suna da awonsu. Kan ɗan Adam kashi ɗaya ne cikin bakwai ko takwas na tsayinsa, amma maginin Nok yakan mai da shi ɗaya cikin uku ko huɗu. Kuma hannun da ya iya fitar da kowace tsakiya a cikin abin wuya, a ganina, ba zai kuskure girman kai ba sai da gangan, domin ya ba fuska da kitso fili, wuraren da ake gane mutum da matsayinsa.

Daga 2005 masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, suka kafa zango a Janjala cikin ƙasar Kagarko, suka yi shekaru suna tono. Sun tabbatar cewa al'ummar ta faro wajen shekara 1500 kafin Almasihu, ginin surorin ya bayyana wajen 900, al'amarin ya shuɗe dab da haihuwarsa. Sun sami ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atili, atilin nan dai da muke saye a bakin hanya. A 2021 kuma aka bayyana cewa an gano ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu, shaidar cin zuma ta kimanin shekara 3,500. Ina so ku lura da inda wannan ilmi ya fito. Ya fito ne daga gawayin da ke kusa da surar, da ƙwayar hatsin da ta ƙone a gefenta, da zurfin da take kwance, da abin da ke samanta da ƙarƙashinta. Wannan shi ne isnadinta, kuma ba ya karantuwa sai sau ɗaya, ranar da aka buɗe ramin. Sun kuma lura da wani abu mai muhimmanci: kusan duk surorin da suka tono a farfashe suke, an zuba su cikin ramuka kamar da niyya, sau da yawa kusa da jerin duwatsu da tukwane da tsakiyoyi waɗanda suke ɗauka kaburbura ne. Cikakkiyar sura, kai da jiki da ƙafafu, abu ce mai wuyar samu a ƙasa, amma a kantunan Turai ana ganin cikakku birjik.

Dalilin haka abin baƙin ciki ne. Tun daga shekarun 1990 aka buɗe wa ƙasar nan haƙa ta ɓarna, dillalai suna bin ƙauyuka, matasa suna barin noma suna yayyage tuddai da diga da shebur, har masu binciken nan suka tarar galibin wuraren da suka je an riga su. Abin da aka tono a gurguje ɓaraguzai ne, sai a kai wa gwanayen haɗi, su ɗauki kan wannan da kafaɗar wancan da ƙafar wani, su niƙa tsohon kasko su kwaɓa da gam su cike tsakani, su shafe da jar ƙasa. Akwai gwajin da ke nuna lokacin da yumɓu ya shiga wuta, amma ɗan gari kaɗan ake ɗiba daga wuri ɗaya ko biyu, idan kuwa an ɗiba daga tsohon ɓangare sai takarda ta fito da shekara dubu biyu, alhali surar kanta ba ta taɓa wanzuwa ba. Sai an haska ta da na'urar hoton ƙashi irin ta asibiti ake ganin ɗinkin. Tadlisin alkyabbar Jawa yana cutar aljihun mai saye, wannan kuwa yana ƙaga wa matattu siffar da ba tasu ba, ya shigar da ita littattafai, jikokinmu su karanta su gaskata.

Ina da nawa kason a cikin wannan asara, kuma zan faɗe shi. A waɗancan shekaru wani manomi, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina, ya kira ni zaurensa ya warware wani tsumma, sai ga hannu na yumɓu, yatsu huɗu a dunƙule, mundaye shida a wuyan hannun, jar ƙasa na manne a tsakaninsu. Garmarsa ce ta ci karo da shi yana huɗar citta. Na juya shi, na yaba, na mayar masa, na tafi gida. Ban tambayi wace gona ba, ban je na ga ramin ba, ban rubuta ko layi ɗaya ba, ga shi kuwa ina da alƙalami a aljihu. Da na koma bayan wata biyu ya ce wasu baƙi sun saya, kuɗin ya isa buhun taki biyu. Ban ga laifinsa ba, domin mai iyali ne, damina kuma ba ta jira. Amma ni da ake kira malam, da na rubuta inda aka same shi, da yau akwai abin da za a ce game da wannan hannu ko da yana ƙasar da ba mu sani ba.

Hukuma ba ta yi shiru ɗungum ba. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi, ta hana fataucin kayan tarihi da fitar da su ba da izini ba, kuma a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa surorin Nok cikin jan jerin kayan Afirka da ake gargaɗin kada a saya. Duk da haka, a watan Afrilun 2000 aka buɗe wani sabon sashe a gidan tarihi na Louvre a Paris, zamanin Shugaba Jacques Chirac, da surorin Nok biyu a ciki waɗanda aka saya daga wani dillali a Beljiyam. Aka yi ta ce-ce-ku-ce har 2002, inda Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata aro na shekara 25. Ku gwada wannan da kayan da aka tono bisa ƙa'ida: an kai su Frankfurt an gyara, an nuna su a 2013, aka dawo da su gidan tarihi na Kaduna, kowanne da lambarsa da sunan wurin da ya fito. Aikin Janjala kuwa ya gamu da musiba a watan Fabrairu na 2017, lokacin da 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da abokin aikinsa na 'yan kwanaki, suka kashe mutum biyu na yankin da suka bi sawu don ceton baƙinsu. Allah ya jiƙansu.

Hannun da ya gina waɗancan surori, a ganina, bai bar ƙasar nan ba. Garin nan ya girma ne a kan mahaɗar dogo, tun wajen 1927 da layin da ya taso daga Fatakwal ya iso nan ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya Jos, kuma mu da muka tashi muna jin kukan jirgi mun yi jiragenmu da gwangwanin madara da na kifi, muka yi motar kara da ta langa-langa da tayar tsohon silifa, muka ɗebo yumɓu a bakin rafi muka gina shanu masu tozo da dawaki da mahayansu. Ba wanda ya koya mana awo, amma yaron da tayarsa ta fi motarsa girma, 'yan'uwansa ne za su fara gaya masa. Abin da muka rasa shi ne babban da zai ce mana mu ajiye, mu rubuta suna da rana. Sai ruwa ya narkar, ko a share da tsintsiya. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin, gwanar ginin tukunya ce tun kafin ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a garin Abuja na da, wato Suleja, a 1954; a can ta riƙa buga haruffa biyu na sunanta a gindin kayan da ta yi a cibiyar, kuma da wannan tambari ake gane aikinta a gidajen tarihi na duniya har yau.

Saboda haka ina da roƙo ga iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, ku sanar da manoma cewa wanda garmarsa ta taɓa irin wannan abu ya dakata da tono, ya ɗauki hotonsa da waya yana kwance a inda yake, ya sa alama a wurin, a aika wa ma'aikatan gidan tarihi na Nok ko Kaduna ko Jos. Ita kuma hukuma ta san cewa mutumin da ya bar kuɗin taki ya kawo rahoto ya cancanci a saka masa. Ku kuma 'yan'uwana malamai, darasin sana'ar hannu da muka mayar lokacin sharar fili, mu dawo da shi, mu koya wa yara awon ɗaya bisa shida da ɗaya bisa goma a jikin mota da jirgi da rumbu da duk abin da iyayensu suka yarda su gina, kowane yaro kuma ya sami littafin da zai rubuta abin da ya yi, da abin da ya yi shi da shi, da wanda ya taimake shi.

A kan teburin da ke bakin ƙofa na ajiye maharbin nan na Kagoro, wanda mai shi ya ba ni aro zuwa gobe da safe, da littafinsa a buɗe a gefensa, da hotunan kan Jema'a ta gaba da ta gefe. Wanda zai ɗauki maharbin ya tallafe shi ta ƙafa, domin bakan ba ya jure matsi.